Awartaki Mai Dogon Hannu

Da sunan Allah nake farawa, Shi ya kai ni, Shi ya maido ni. Tun ran da na dawo daga Damagaram ba a bar ni na huta ba. Wanda ya kawo gyaran lauje sai ya zauna bakin maƙera ya ce, "Tanko, yaya birnin yake?" Wanda bai kawo komai ba shi ma ya zauna. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma kowa ya tashi sai ya ƙara nasa. A kasuwar Mayahi har na ji ana cewa wai an ɗaure ni a bakin igwa. Ba a ɗaure ni ba. Karatuna bai yi nisa ba, allo na ɗan taɓa kafin ƙira ta ɗauke ni, idona kuma ya yi rauni. Amma zan rubuta da manyan baƙaƙe, wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba, ni kuma a ƙyale ni.

Wanda bai san dalilin tafiyar ba, ga shi. Ina da ɗan fari, ba zan kama sunansa ba, kun san al'ada. Shi ke yi mani zuga tun yana ƙarami. Wata ranar kasuwa, ya riga ya zama saurayi, hannunsa ya saɓa a kan zugazugi, wuta ta faɗi, ƙarfen gatari ya huce mani. Na buge shi da awartaki a ka, a gaban mutane. Ba ranar na fara ba, amma daga ita ban sake samunsa ba. Ya bi ayarin masu kanwa ya yi gabas. Shekaru suka tura, har fatake suka kawo labarin yana cikin maƙeran Sarkin Damagaram, kuma maƙerin da ya shiga birnin ba a barinsa ya fita, don kada ya kai wa wani sarki sanin zubin igwa. Wannan magana na riƙe. Duk wanda ya tambaye ni ina yaron, sai in ce sarki ya tsare shi. Bana da na ga ba na gane ƙarfe ya nuna sai na kai fuska bakin wuta, na ce bari in je in roƙa a sako shi, ko da za a riƙe ni a madadinsa.

Bayan an gama kaka na tashi daga Kanan-Bakashe tare da Agali. Buzu ne daga wajen Isawan, yana da takarkari guda, wato sa mai ɗaukar kaya, da yake ɗora wa fatu ya kai gabas ya dawo da kanwa. Maƙeri da Buzu kun san abin da ke tsakaninsu, ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Uwar yaron ta ƙulle daddawa a tsumma ta ba ni, ba ta ce in gaya masa komai ba. Agali ya dube ni da sandata ya ce, "Bawana, in ka faɗi a hanya nan zan bar ka. Takarkarin nan ya fi ka amfani."

Zangon da ya fara cinye mana ƙarfi Tasawa ne, tun ba mu bar ƙasarmu ba. Maƙeri ba ya fita ƙasa sai Sarkin Maƙera ya sani. Shi ke nuna inda za a haƙa tamar ƙarfe, shi ke cewa ga ƙiryar da za a sare a yi gawayi ga wadda za a bari, wurinsa muke kai kibau da hauyoyin fada kowace shekara. Muka iske ya tafi ramin tama rabon faɗa. Aka ce gobe. Gobe ta yi aka ce jibi. Na zauna a zaurensa tare da wani da ya sare ɗanyar ƙirya ana jiran a yi masa hukunci, da wani maƙeri da yaƙi ya koro daga Gobir, ya zo da iyali ba ko guduma, yana neman a ba shi izinin kafa uwar maƙera, ƙarfen nan da ake duka a kansa, a wani ƙauye. Guzurinmu ya yi ta raguwa muna zaune.

Da ya dawo ya saurare ni ya ce, "Tanko, wannan ƙafar ce za ta kai Damagaram?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ita ta kawo ni nan."

"In suka riƙe ka, ni za a tambaya a fada. Damina ta faɗi ba kowa a maƙerarka, wa zai yi wa mutanenku hauya?"

Na ce ɗaya zai tafi, biyu za su dawo. Sannan ya ce in ajiye walkina da awartakina a wurinsa jingina, don maƙeri ba ya barin awartakinsa a hannun wani ya ƙi dawowa. Awartakin nan shi ne na ranar kasuwa. Ban gaya masa ba.

Da muka fito ba walki a jikina sai na ji kamar tsirara nake. Agali ya ce gara haka, tunda dama ba zan shiga Damagaram a matsayin maƙeri ba. "In an tambaye ka, manomi ne kai. Ba wuya. Ka yi ta kukan ruwan sama, in an ce an yi ruwa ka ce ya yi yawa."

Muka shiga wani ayari muka yi gabas. Hanyar rairayi ce, ƙafa na nutsewa, gwiwata ta hagu ta kumbura tun ba mu yi nisa ba. Abin da ya fara nuna mani mun kusa ƙasar wasu rijiya ce. A wurinmu wanda ya riga zuwa da guga shi ke ja. Can akwai mai tsaron rijiya da bulala a hannu, mutanen gari su fara, sai dabbobinsu, sai baƙo. Mukan iso da hantsi, ba mu samu ruwa ba sai rana ta take, shi ma rabinsa laka.

A garin iyaka wani jami'in sarki ne zaune ƙarƙashin rumfa. Ba ya tambayarka daga ina, askar fuskarka yake karantawa. Aka kwance kayan kowa, aka cire na sarki, aka tambayi kowa sana'arsa da gidan da zai sauka a birni. Ya zo kaina ya ce, "Wannan tsohon fa?"

Agali ya ce, "Yarona ne. Shi ke kora mani sa."

"Da furfurarsa?"

"Ya daɗe bai yi hankali ba, ranka ya daɗe."

Mutumin ya kama hannuna ya juya, ya ga tabon wuta har gwiwar hannu. Kafin ya yi magana Agali ya ce na faɗa wutar sassabe ne ina ƙona gona. Ni kuma na ce bana ruwa ya yi mana yawa. Ya sake ni. Daga nan har birni Agali bai sake ɗaukar ko gora ba, ya ce an riga an shaida a gaban hukuma ni baransa ne.

Bai daɗe yana murna ba. Mun wuce iyaka kaɗan san ya ƙi tafiya don yunwa. Ga gawo a bakin hanya ya yi ganye shar. Agali ya ɗauki gatari ya hau zai sassaro masa reshe, yadda kowane makiyayi ke yi a wurinmu da rani. Wata tsohuwa na tsintar 'ya'yan gawon a ƙasa. Ba ta ko miƙe ba ta ce, "Ɗan nan, hannun dama ne ka gaji da shi ko na hagu?"

Agali ya tsaya da gatari a sama.

Ta ce, "A ƙasar nan ba a sa wa gawo ƙarfe. Abin da ya zubo na kowa ne. Abin da ke sama na sarki ne, kuma hannu ake biya da shi."

Ban taɓa ganin Buzu ya sauko daga itace da sauri haka ba. Ta zuba wa san abin da ta tsinta, muka ba ta ɗan gishiri. Daga nan na fara lura, gonakinsu cike suke da gawo, karan geron da ke ƙarƙashinsa kuma kauri gare shi. Dokar ta yi tsanani, ban ce ba ta yi ba. Amma na tuna ƙiryar da ke bayan garinmu ina yaro, da yadda yanzu sai an yi yini ana tafiya kafin a samu ta gawayi. Da hannuna a ciki.

Birnin kuwa, abin da kuka ji gaskiya ne, akwai ganuwa, akwai igwa. Ni dai ƙafata ke ciwo, ban tsaya kallo ba. Baƙo ba ya sauka inda ya ga dama, sai gidan fatoma, wato mai masaukin baƙi, kuma duk abin da baƙo ya aikata wuyan fatoma yake hawa. Namu Babarbare ne, sunansa Kyari, mutum mai kirki amma kullum a tsorace. Gaisuwarsu ba ta ƙarewa, rabinta da bakinsu ne, ni dai "lafiya" nake ta cewa. Tuwon gero ne irin namu, sai dai miyar barkono ce da ɗan kuka a ciki. Ruwan kuma kanwa-kanwa yake, cikina bai yafe mani ba har na bar garin. A kasuwa kowace sana'a da mai duba ta. Na ga an zubar wa mahauci nama don an ce ya kwana, na ga an fasa wa mai awo ƙwarya don ta gaza. A wurinmu sai a yi ta zage-zage a watse. Can ba wanda ya ɗaga murya.

Unguwar maƙera ina jin ta tun daga gidan Kyari. Na bi ƙarar na je, na iske ƙofa da dogari. Ya ce me nake so, na ce hauya. Ya ce manomi kasuwa yake sayen hauya. Na koma washegari na ce gatari, ya ce shi ma yana kasuwa. Ƙaryar da ta shigo da ni birni ita ta hana ni shiga inda na zo. Sai na riƙa zama jikin katangar ina sauraron guduma, ina cewa ko zan gane hannunsa a ciki. Hannuwan sun yi yawa. Agali ya sayar da fatunsa ya ɗaure kanwarsa, ya fara maganar ayari ya kusa tashi.

Wata safiya da sanyi baƙin gidan sun kewaye wuta a tsakar gida ana ɗumame. Itace ya fashe, garwashi ya yi tsalle ya faɗa kan tabarma, dab da ƙullin yadin turkuɗin wani ɗan kasuwa. Ina cikin ba wani labari ne. Na miƙa hannu na ɗauke shi da yatsu, na mayar cikin wuta, har na gyara masa zama don na ga wutar ba ta shan iska ta wannan gefen. Na ci gaba da maganata. Sai na ji ni kaɗai nake magana.

Kyari ya ce, "Manomi."

Agali ya ce, "Duk manoman ƙasarmu haka suke."

"To ɗauki ɗaya kai ma."

"Ni ai Buzu ne."

Kyari ya ce, "Tsoho, ba ƙinka nake ba. In ban kai ka ba, ɗaya daga cikin waɗannan zai kai ni." Aka ɗaure san Agali a gidan har a ga abin da za a yanke. Muna tafiya Agali na cewa a bayana, "Shekara da shekaru kana ƙira ba ka san wuta na da zafi ba. Allah ya haɗa ni da bara."

Haka na shiga ƙofar da dogari ya yi ta hana ni. Sarkin Maƙeransu tsoho ne kamata, kunnensa ɗaya ya mutu da ƙarar guduma. Ya ce don me na ɓoye sana'ata, na ce tsoro. Ya ce me ya kawo ni, na ce ɗana.

"Sunansa?"

Na sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, yana tsammanin ban ji ba. Agali ne ya faɗi sunan.

Sarkin Maƙera ya ce, "Na-Tasawa kake nufi," ya aika a kira shi.

Wanda ya shigo ƙaton mutum ne da gemu, har da ɗan fari a ciki. Ya durƙusa ya ce, "Baba, an zo lafiya?" kamar daga gona na dawo. Na ce lafiya. Hularsa ta rufe wurin da nake son dubawa.

Dokarsu ce duk maƙerin da ya shigo birni sai an gwada shi a wuta, a san inda za a ajiye shi. Aka ba ni ƙarfe aka ce in fitar da ruwan gatari. Akwai masu zuga a wurin, amma yaron ne ya zauna ya ja zugazugin da kansa, mutumin da aka ce yana da masu yi masa aiki. Zugar da na koya masa ce, ba ta kauce ko kaɗan ba. Ni kuwa hasken rumfar ba irin wanda na saba ba ne, na kasa gane ko ƙarfen ya nuna, na bar shi ya wuce lokaci. A kunne na ji ya sassauta hannu don kada ya ƙone. Bai ɗago kai ba. Da na fitar na kai duka, na farko ya samu, na biyu ya sauka kan uwar maƙera.

Sarkin Maƙera ya ce, "Ya isa. Hannu na nan, ido ya tafi. Sarki ba ya tsare irinmu, malam. Ka huta ka koma gida. A kwance wa Buzu sansa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko zuga ce zan yi. A riƙe ni a sake shi, uwarsa ta tsufa."

Ya juyo da kunnen mai ji, na maimaita. Ya dubi yaron. Yaron ya dubi ƙasa. Sarkin Maƙera ya ce, "Wannan magana ku yi ta a gida."

Na koma gidan yaron da zama. Matarsa 'yar garin ce, ta lura da ni ta rage barkono. 'Ya'yansu suna leƙena daga nesa. Ya ba ni ɗakinsa, ya nemo mani maganin gwiwa, ya tambayi uwarsa da ƙannensa mata da kowa a garinmu, har wanda ya mutu. Da na ba shi daddawar ya daɗe riƙe da ita a hanci. Amma duk sanda na ce mu je fada mu roƙa, sai ya ce in dai huta tukuna. Ina hutawa har ayari ya ɗaure kaya.

Ranar tashi ya ce zai raka mu. Na ɗauka bakin ƙofar birni zai tsaya. Masu tsaron ƙofa suka gaishe shi, ɗaya har yana yi masa ba'a a kan wata wuƙa da ya yi masa alkawari. Ya wuce. Muka bar ganuwa, muka wuce lambuna, ina ta waiwaye ina jiran a kira shi. Ba wanda ya kira. Agali ya kora sansa ya yi gaba ya bar mu.

Na ce, "Ashe ana barinka ka fita?"

Ya ce, "Wanda ya yi aure ya haihu a nan ba a tsaronsa. In ya nemi izinin ganin gida ana ba shi."

"Tun yaushe?"

"Tun haihuwar babban."

Babban ɗan nasa kuwa ya isa riƙon masaba, babbar gudumar maƙera. Na so in ce wani abu, na tarar duk maganar da na ɗauko daga gida ta roƙon sarki ce, ban shirya ta roƙonsa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Na buge ka." Ya ce, "An daɗe, Baba." Bai ce ya wuce ba, ni ma ban matsa ba.

A gindin wani gawo ya tsaya, ya kwance abin da ke rataye a kafaɗarsa. Awartaki ne sabo, hannunsa ya fi na kowane awartaki da na sani tsawo, don mai riƙe shi ya tsaya nesa da wuta. Ya ce, "Ka daina ɗaukar wuta da hannu." Ya durƙusa ya yi mani sallama, ya ce in gaida uwarsa, ya juya.

Dawowa ba abin faɗa a cikinta, rijiyoyin nan ne da gwiwar nan. A Tasawa Sarkin Maƙera ya ce, "Ina na biyun?" Na ajiye masa awartakin. Ya buɗe ya rufe, ya gwada bakinsa da tsinke ya ga ba ya saki. Ya ce hannu mai kyau ne. Ya sa aka kawo walkina da tsohon awartakina. Na karɓi walkin. Tsohon awartakin na ce a ba Bagobirin nan, don har lokacin yana zauren, an ba shi izini amma ba shi da abin kama ƙarfe.

Da na iso gida na gaya wa uwarsa ba sarki ne ya riƙe shi ba. Tana tankaɗe, ba ta tsaya ba. Ta ce, "Kai kaɗai ne ba ka sani ba a garin nan."

To ga Damagaram da kuke tambaya. Wanda zai je ya faɗi sana'arsa ta gaskiya a iyaka, kada ya taɓa gawo, ya tafi da nasa haƙurin a bakin rijiya. Kuma a daina cewa an tsare mani yaro, ni na fara faɗa, ni nake janyewa. Maƙera a buɗe take, mai hauya ya kawo kafin ruwa ya sauka, sai dai aikin ba sauri. Agali ne ke yi mani zuga in ya shigo gari. Bai iya ba, wuta na tashi tana faɗuwa, ƙarfe na huce mani. Nakan mayar da shi cikin wuta in jira.